Basilla a Yatsan Baba

Da hantsi, a zaurenmu na Birni,
Baba na ɗinkin jakar Alhaji Mati,
basilla ta zame, ta nutse a yatsansa.
Bai ko ɗaga kai ba.
Sai da jini ya ɗiga a kan farar fata
ya ce, "Kai! Wa ya ɓata mini aiki?"

Ni na yi tsallen, ba shi ba.

Shekarata biyu ke nan a makarantar lafiya,
na san jijiya suna ne na mutum biyu:
akwai mai dakon jini,
akwai mai dakon labari.
Madam Fanna ta zana mana ta biyun da alli:
ƙwaya guda, kanta kamar gawo da damina,
rassa tsirara, kowane ya kasa kunne,
sai wutsiya siririya, doguwa,
wata tun daga ƙugu har babban yatsan ƙafa,
ba ƙulli, ba ƙari.

Na ɗaure masa yatsan, ina faɗa masa.
Na ce, Baba, saƙon ba ƙafa gare shi ba.
Ƙofofi ne ƙanana a jere.
Ta farko ta buɗe, gishiri ya kutsa ciki,
ɗan'uwansa ya fice ta wata,
maƙwabciya ta ji motsi, ita ma ta buɗe,
haka dai har ƙarshe,
yadda layin jarkoki ke farkawa ɗaya bayan ɗaya
in an ce famfo ya kawo a Garin Malam.
Kuma babu rabin saƙo,
ko ya tashi duka, ko ya yi kwanciyarsa.
Babban zafi ba ɗaga murya yake ba,
yawan buga ƙofa yake yi.

Ka ga yadda kake naɗe kuben wuƙa da fata?
Haka aka naɗe wutsiyar da kitse, gaɓa-gaɓa,
an bar 'yan wurare a buɗe,
saƙo na dira daga wannan zuwa wancan
kamar yaran unguwa a kan duwatsun bayan gida.
Can ƙarshe sai ya tarar da rata,
don ƙwayoyin nan zaman maƙwabtaka suke, da katanga tsakani.
Sai ta yi abin da Inna ke yi wa Ta-Sallah da asuba:
ta miƙa garwashi ta kan katanga,
waccan ta karɓa, ta hura nata murhun.

Ya ce, "Da, in na taɓa butar shayi,
hannuna kan gudu kafin in ce wash."
Na ce lakar baya ce ta yanke hukunci,
kamar mai unguwa da ya kashe rigima,
sai daga baya labari ya kai sama.

Sauran ban faɗa masa duka ba:
shekara tara sukari na cin jijiyoyin nan kamar gara,
ya fara da mafi tsawo.
Shi ya sa bara ya dawo daga masallaci
da takalmi ɗaya, bai sani ba.
Yanzu abin ya hau hannu.

Ya daɗe yana juya yatsan a gaban idonsa,
kamar wanda aka ba ajiyar wani.
Ya ce, "Tsahara, ashe zafi ɗan aike ne.
Shekara sittin ina zaginsa,
yau ya yi fushi ya bar zuwa."

Ya koma kan jakar.
Ya yanke wurin jinin, ya ɗora 'yar koriyar fata,
Alhaji Mati zai ɗauka ado ne.

Kullum bayan lisha nakan kunna tocila,
in ɗora ƙafarsa bisa cinyata,
in bi tsakanin yatsu, in bi faso, in bi diddige.
Jiya na tarar da tsidau, ya shige har rabi.
Na cire.
Yana ta ba Inna labarin tsadar fata a Kasuwar Dole,
ni kuwa, a hankali yadda ba zai ji ba,
na ce masa wash ɗinsa.