Ganye Ma Baki Ne

Inabin da na dasa a Dadin Kowa,
shekara huɗu ke nan, bana ya yi fushi.
Gefen ganye ya ƙone kamar wuta ta lashe shi,
ƙasa ta yi furfura a gindinsa.
Na dangwala, na kai harshe:
gishiri.

Ruwan da nake ba shi da hannuna,
shi ya ci amanata.
Rana ta ɗauki ruwan, ta bar mana gishirin,
saiwa na sha, ƙishi na ƙaruwa.

Malam Bappayo ya jingine babur,
ya murza ganye, ya daɗe bai ce uffan ba.
"In baƙin banza sun tare ƙofa,
ta taga ake miƙa wa mai gida tuwo.
Jiƙa fotash, kaɗan, ban da zarin hannu,
ka fesa wa ganye kafin rana ta buɗe ido."

Sai na tuna Goggo Yelwa
tana barbaɗa toka a kan kuɓewarta,
muna yi mata dariya.

Da asuba na goya tanki kamar jariri,
ina bin ƙarƙashin ganye, inda bakinsa yake.
Mako biyu shiru.
A na uku wani toho ya leƙo,
kore shar, bai wuce kunnen ɓera ba.

Gishirin bai tafi ba, kar in yi ƙarya,
sai na haƙa magudana kafin damina.
Amma jiya na ƙirga nono bakwai.
Ɗaya tsuntsu ya riga ni.
Na bar masa,
in sami shaida.