Haƙora Goma Sha Ɗaya

A Osaka, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa,
inda rufi ke kakkarwa duk bayan minti huɗu,
nan shagon kawuna Tetsuji yake,
faɗinsa bai fi mutum ya miƙe hannuwansa ba.
Nan aka kawo ta ranar Talata, ana yayyafi:
'yar na'urar jin kiɗa, gabanta fari, bayanta azurfa,
a naɗe cikin hankici kamar tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa.

Mai ita, tsoho Uehara, direban jirgi ne da ya ajiye aiki.
Ya ce, "Batir ya kumbura, cikinta ya taso.
Waƙa dubu ce a ciki, ban damu da ko ɗaya ba.
Amma akwai daƙiƙa arba'in
da matata Fumie ke lissafa mini cefane:
gishiri, albasa, kifi in da araha.
Sai ta yi tari, sai ta yi dariya.
Kada a ƙwarzane bayan. Tafin hannunta ne ya goge shi haka."

Na juya ta, na sake juya ta.
Ba ƙusa, ba murfi, ba ƙofa,
sai wani layi siriri kamar gashin ido
inda fari ya haɗu da azurfa.
Na kai hannu ga wuƙa.
Kawu ya danne mini yatsa da cokalin shayi:
"Chinatsu, ƙarfe ba ya gaida ƙarfe bai bar masa tabo ba."

Ya turo mini ɗan tsinken roba, shuɗi, duk ya cinye a baki.
"Akwai haƙora goma sha ɗaya a ciki,
shekara ashirin suna cije da juna.
Ba a ɓanɓare su. Lallashi ake yi."

Na ɗumama gefenta da injin busar da gashi
har ta yi ɗumin kuncin yaro.
Na matsa tsakiya kaɗan, layin ya yi hamma,
na zura tsinken, ba zurfi, iya farce.
Ƙas.
Na ɗaya ya saki.
Na soka tsohon katin waya a gurbin don kada ya koma,
na ja gaba, ina saurare da yatsu.
Ƙas. Ƙas.

A na bakwai jirgi ya taho.
Kofuna suka yi ta ƙara a kan kanta,
na tsaya cak, ban ko haɗiye yawu ba,
har tarago na ƙarshe ya wuce da gumina.

Da na ƙarshe ya saki, zuciyata ta ce wage ta!
Kawu ya ce, "Nan ake kisan.
Murna ke tsinka jijiya."
Na leƙa ta tsagar: wata waya ce, lafta-lafta kamar ɓawon albasa,
ta riƙe gaba, ta riƙe baya.
Na ɗaga ɗan makullinta da bakin tsinke,
ta zame da kanta.

Sai na ga haƙori na goma tuni a karye yake,
karayar ta tsufa, ta yi duhu,
da wani ɗan zane a leɓen azurfar, ta ciki.
Na nuna wa Uehara, don kada a ce ni ce.
Ya ɗaga tabarau, ya daɗe yana kallo.
"Da tsinken gashinta ne," in ji shi.
"Ta rantse mini ba ta taɓa ba."

Sabon batir ya kwanta a gurbin tsoho.
Na mayar da waya, na haɗa baki da baki,
haƙora goma suka ciji juna, ɗaya ya yi shiru.

Ya sa abin ji a kunne, ya juya mana baya.
Daƙiƙa arba'in.
Jirgi ya wuce, wani ya biyo shi.
Ya biya kuɗi, ya buɗe lema a bakin ƙofa,
ya tambayi kawu ko yau kifi da araha.