Tsohon Kwano, Sabon Ido

Ranar Lahadi na kai riɗi Gujungu,
buhu biyu da tiya bakwai.
Na ƙulle kuɗin a lalita, na ce yau dai
gidanmu zai daina aron kallo.

Shekara uku yarana na tsugunno
a ƙofar shagon Maikuɗi mai caji,
mai naira hamsin ya shiga ya ga ƙwallo,
marar ita ya leƙa ta hudar langalanga.
Inna kuwa ba ƙwallo ce ta dame ta ba.
An gaya mata akwai wata tasha
da ba a nuna komai sai Ka'aba,
mutane na kewayawa dare da rana.
Tun ranar ban ƙara shan fura lafiya ba.

A layin 'yan lantarki kwano biyu suka tare ni.

Ɗaya sabo dal, ko ledarsa ba a ɓare ba,
fari tas kamar kindirmo.
Yaron shago ya ƙwanƙwasa shi da farce:
"Ji ƙara, Baba, har da garanti."
Na ɗaga, na ji shi sakayau kamar faifai.
Dubu ashirin da shida, ba ragi.

Ɗayan kwance ne, a jingine bayan rumfa,
tsatsa ta ci bakinsa, gefe guda ya lotsa,
kashin tantabaru bai gama fita ba.
A bayansa an rubuta da jan fenti:
Ado Direba, Kiyawa.
Ko bashi ne ya raba su, ko ajali,
ko ya koma kallo a waya, oho.
Na ɗaga, sai da na yi nishi.
Dubu tara.

"Araha ba ta ado," in ji yaron shago.
Na ce wannan arahar kuwa ta Ado ce.
"Da tsohuwar zuma ake magani," in ji mai kwance.
Kowa da karin maganar da ke cika masa aljihu.
Ni ina tsakani, rana a ka,
ina lissafin taki da yatsun hannu.

Haladu mai ɗaura dish ne ya ja ni gefe,
yana ɓare gyaɗa, bai ko dube ni ba.
"Kwano ba ya gani, tarowa yake yi.
Ɗan idon nan da ke tsaye a gabansa
shi ke gani.
Ɗauki tsohon ƙarfe,
iskar farkon damina ba ta naɗe shi kamar tabarma.
Amma ido da waya, kul ka sayi na hannu."

Haka muka dawo a saman akori-kura,
ni, da kwanon Ado, da akuyar wani.

Muka kafa bututu a kusurwar danga.
Haladu na juyawa kaɗan-kaɗan
kamar mai lallashin jaki,
yara na ɗaki suna ihu:
"Babu! Babu! Ya zo! Ya tafi!"
Kaji suka shiga akurki,
batirin sola na ƙiftawa,
sai ana kiran magariba hoto ya tsaya.

Bayan salla Inna ta jawo tabarma
har hancinta na neman taɓa gilashi.
Na ce, "Inna, me kike gani?"
Ta ce, "Fari na kewaya baƙi."
Iyakar abin da yanar idonta ta bari ke nan.
Ta daɗe ba ta motsa ba,
carbi na tafiya shi kaɗai.

Da safe na same ta a gindin kwanon
tana shafa lotsawar da tafin hannu,
ta lalubo ɗan idon, ta riƙe.
"Ashe ana sa wa tsoho sabon ido.
Nawa ne?"

Ban amsa ba.
Kuɗin taki na nan a lalita,
motar Kano na tashi da asuba.