Kwalaben Bayan Rumbu

Goma sha bakwai na ƙirga a bayan rumbu,
ban da biyun da kaza ta ture suka fashe.
Na maganin tarin Baba ne.
Damina biyu yana sha, muna jefarwa.
Da ya tafi, sai suka zauna nan
baki buɗe, kamar masu jiran ƙari.

Inna ta ce a kai wa mai gwangwan,
ko bokitin roba ya ba mu.
Na ce a bar min.
Ta ce, "Tasalla, ke da kwashe-kwashe,
sai ka ce ɓera ya yi sabon rami."

Kwana guda na jiƙa su a kwatarniya,
takardun jikinsu suka saki,
"cokali biyu, safe da yamma"
ya narke ya bi ruwa.
Na zuba toka da tsakuwa na yi ta girgiza
har warin asibiti ya fita.
Na kife su a kan tsinken danga,
rana ta ratsa su, ta fito launin zuma.

Ƙaro na ɓamɓaro a jikin ɗakwara,
hanyar fadama, inda ƙaya ta ci min zane.
Na jiƙa shi ya yi danƙo.
Ta farko na naɗe da zaren saƙa,
layin ya karkace kamar kunyar ɗan koyon noma.
Ɗan'azumi ya leƙo ya tuntsire:
"Kai, yau kwalba ta ci sarauta!"
Na warware. Na sake. Na kuma warwarewa.
Yatsuna suka manne da juna
har tuwon dare sai da cokali na ci.

A ta huɗu hannu ya faɗa.
Wata na lulluɓe da ɓawon ƙwan zabo,
ɗigo-ɗigo, ƙanana kamar farcen jariri.
Wata na birgima cikin yashin kogi.
Wata ta sha rinanniyar kaba, ja da kore,
wata tsakiyar jigidar da ta tsinke tun sallar bara.
Wadda na yi wa zanen lalle da fenti
ta yanke ni a babban yatsa,
ashe bakinta a tsage yake.
Jan da ke gindinta ba duka ne fenti ba.

Ranar kasuwar Gujungu na shimfiɗa buhu
tsakanin mai daddawa da mai faifai.
Har azahar kallo kawai ake yi.
Wata tsohuwa ta ɗaga ta ƙwan zabon,
ta juya ta, ta leƙa ciki da ido ɗaya,
ta ce, "To me ake zubawa?"
Na ce, "Babu komai, Iya."
Ta ce, "Yanzu babun ma sayar da ita ake?"
Ta ajiye, ta tafi.
La'asar sakaliya sai ga ta ta dawo
tana kwance bakin zane:
"Allurata na yawan ɓata, kawo."

Tara na sayar a ranar.
Na sayo wa Inna sabulu da man kitso,
ta karɓa ba ta ce komai ba,
amma washegari na iske ɓawon ƙwai a ƙoƙo
an wanke, an ajiye min a bakin ƙofa.

Guda ɗaya ba ta taɓa zuwa kasuwa ba.
Ita ce ta ƙarshe, wadda bai shanye ba.
Hularsa ta zuwa gona na warware,
zaren da ya sha gumi ya koɗe,
shi na naɗa mata tun daga gindi har wuya,
ban ƙara mata komai ba.

Tana kan taga.
In iskar hadari ta taso da asuba
takan bi ta bakinta ta yi wani ɗan gurnani,
irin gyaran muryar da yake yi
kafin ya ɗauki buta.
Inna takan ce, "Rufe tagar nan."
Sai kuma ta ce, "A'a, bar ta."