Amsa Ga Jafaru, Daga Rumfar Walda

Jafaru, hotunanka sun iso.
Sai da na hau tudun bayan rumfa kafin suka buɗe.
Na ga titin Kanada, sumul kamar bayan faranti,
na ga famfon da ka ce baki biyu gare shi,
ɗaya sanyi, ɗaya zafi,
ba ka taɓa murɗa shi ya yi maka tari ba.

Ni ina Muciya inda ka bar ni.
Yau kwana huɗu ƙofar Alhaji Tanimu na jingine,
rabi ƙofa, rabi ƙarfe,
tana jiran wuta, ina jiran kuɗinta.
Sukan kawo ta ƙarfe biyun dare
kamar ɓarawon da ya zo mayar da kaya,
kafin in laluɓo takalmi sun ɗauke.

Ka ce motar hayarku ta makara minti uku
har direba ya ba da haƙuri.
Na karanta wa yaran shago, dariya har da riƙe ciki.
Wa zai ba mu haƙurin cunkoson Kwangila?
Wa zai ba Inna haƙurin jarka goma
da ɗan garuwa ke ƙara wa kuɗi duk Juma'a,
ga Kubanni kwance, ga Galma na cika tana batsewa?

Sannan ka rubuto abin da ya tsaya mini a wuya.
Wai maƙwabcinka ya rasu, kwana tara ba wanda ya sani,
wai mu ne masu arziki, tunda muna da mutane.
Gaskiya ne, muna da mutane.
Daren da numfashin Ramatu ya sarƙe a Shika
mu ashirin da bakwai ne a baranda,
da kwanukan tuwo, da tabarmi, da carbi.
Tukunyar iska ɗaya tak muke nema.
Mu ashirin da bakwai, Jafaru, ba mu zama ita ba.
Washegari sahu ya kai har bakin titi.
Jana'iza kam, ba ƙasar da ta fi mu iya ta.

Don haka kada ka lallashe ni da zumunci,
zuma a leɓe ba ta kai wa ciki.

Ka kuma tuna ɗakin da ka koyi riƙe allura,
a Shikan nan yake.
Gonar Baba ta Dakace a karatunka ta narke.
Mu muka yi shuka, muka yi noma, muka kori tsuntsu,
da zangarniya ta nuna sai jirgi ya zo ya ɗauka.
Haka aka yi wa audugar kakanmu a tashar Sabon Gari:
buhu-buhu ta tafi, ta dawo yadi, muka saya da tsada.
Bana kai ne audugar.

Ban ce ka dawo ba. Da ni ne, ko waiwaye ba zan yi ba.
Kuɗin da ka turo sun sayi maganin Inna,
canjin na zuba wa janareta,
ya sha, ya yi gyatsa, ya mutu.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan:
ƙarfen da nake narkarwa irin nasu ne,
yatsun maƙerinsu biyar, nawa ma biyar.
Rana kuwa mun fi su,
ga ta nan tana gasa kwanon rumfa a banza.
To a wace kwana rabonmu ya sauka daga mota?
Gidan wa aka kai shi?

Tsaya.
Ƙwan shagon Mudi ya yi ja,
yara na ihu a lungu.
Sun kawo.

Zan ƙarasa maka in sun ɗauke.
Ba za ka daɗe kana jira ba.