Ruwan Farko

Na daɗe ina cewa ni ne na ƙarshe a layin ruwa.
Lambuna na Kwakwaci, can inda kwatocin birni ke haɗuwa,
gadon babana ne, shi da wata rijiya da ta ƙafe.
In hadari ya haɗo daga gabas
matan gari kan ruga su kwashe shanya,
ni kuwa in naɗe ƙafar wando, in tsaya bakin rafi
ina jiran saƙo.

Ruwan farko ba ya riƙe sirri.
In ya zo baƙi ƙirin, maiƙo na ƙyalli a samansa,
na san Ɗanjummai bakanike ya juye baƙin mai
a lambatun bayan gareji, ya ce ai ruwa zai tafi da shi.
Ya kuwa tafi da shi. Ga shi a gindin latas ɗina.
In ya yi jaja-jaja yana ƙarni, mahauta aka wanke.
In ya yi shuɗi, marina sun zubar da tsohon baba.
Ledar fiya-wata ita ba ta da rana,
kullum tana tafe, garken tumaki babu makiyayi.

Bara aka turo duba-gari, wai ita Tasalla,
'yar gajeruwa, takalmin roba har gwiwa,
da kwalabe goma sha biyu a cikin kula.
Ta tsuguna ta ɗebi ruwa, ta rubuta kwanan wata,
ta ce, “Malam Barau, kowace kwata da ubangidanta.
Zan bi ta da baya har ƙofar da ta fito.”
Na yi dariyar zuci.
Wa ya taɓa kai ruwan sama gaban alƙali?

Ta bi ɗin. Kwana tara tana bi,
lungu-lungu, ƙarƙashin gadojin katako,
bayan shagunan da aka ɗora a kan magudana.
Ta sa aka kafa raga a bakin kwalbati uku.
Ɗanjummai ya biya tara yana ƙunƙuni,
yanzu man yake tarawa a duro
yana sayar wa masu shafe katako don gara.
Wani mai gidan bene ya nuna mata lambar wani babba a waya,
tasa kwatar har gobe tana zuba.
Ban ce an gama ba.

Rana ta goma ta dawo wajena.
Na tsinko mata tumatir, ta ce in bar abina.
Ta nuna bayan bukkata da tsinin biro:
gwangwanayen maganin ƙwari, bakwai,
kwance a gaɓa, baki buɗe, suna fuskantar Wasai.
“Kai ma akwai na ƙasanka,” in ji ta,
“masuncin da bai ma san sunanka ba.”
Na rasa inda zan sa idona.

Daren jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Da asuba na gangara da cocila.
Bai kai ruwan alwala ba, kada in yi ƙarya,
amma na ga kwaɗo, ɗaya tak, a kan dutse,
rabona da kukansa tun ina riƙe wa babana guga.

Na ɗaure kwandon latas a bayan keke, na nufi Yankaba.
Abin da birni ya aiko min da dare
shi nake mayar masa da safe,
kore shar, an yayyafa masa ruwa.