Gem ɗin Yaya Ghali

A ƙasan adakar Inna na tsince shi,
tsakanin tsohon katin asibiti da murfin samira,
naɗe cikin safa wari guda.
Toka-toka, kusurwa ɗaya a fashe
tun ranar da ya suɓuce daga soron gidanmu na Gwammaja.
Mai shi kuwa, bara war haka
muka raka shi Dandolo.

Na danna. Shiru.
Na sake dannawa,
kamar mai sallama a gidan da aka tashi.

Da na buɗe bayansa,
batura huɗu sun kumbura, sun yi amai,
kore-kore ya kama ƙarafan
kamar gansakuka a bakin rijiya.
Shekara goma sha tara suna kwance
suna cin gidan da ya ba su masauki.

Na matse lemon tsami a murfin kwalba,
na nemo tsohon buroshin haƙori.
Tsatsa ta yi kumfa, ta yi tsaki, ta saki.
Na shanya shi a taga,
na sayo sababbin batura wurin mai tireda.
Ko gezau.

Washegari na hau adaidaita zuwa titin Bairut.
Yaran shaguna suka dinga miƙa shi hannu zuwa hannu:
"Baba, wannan ai sai Gidan Makama!"
Tasi'u ne kawai, can ƙarƙashin bene,
mai tabarau ɗaure da zare,
bai yi dariya ba.
Ya jujjuya shi, ya shinshina,
ya ce, "Suma ya yi. Zauna."

Kusoshi shida ya kwance.
Cikinsa kore shar, da hanyoyi sirara
kamar lungunan cikin gari in ka hango daga kan Dala.
Ya bi su da allurar mita, lungu-lungu,
har inda ruwan batir ya cinye hanya.
"Nan gada ta karye."

Ƙarfen dalma na ɗaukar zafi aka ɗauke wuta.
Muka zauna muna fifita da kwali
har maƙwabcinsa ya ja janareto.
Silin waya guda, bai fi gashin gira ba,
ɗigon dalma biyu,
hayaƙi mai warin ƙaro.

Ya ce, "Sa kaset."
Sai da na hura shi tukuna, sau biyu, yadda Yaya yake yi.
Ashe bakina bai manta ba.

Ƙit.
Gilashin ya yi hamma,
wata 'yar ƙara siririya ta fito,
sai ga ni ɗan shekara goma,
na leƙo ta bayan kafaɗarsa ina jiran ya mutu a ba ni.

Na zarce wurin maki,
inda GHA ke zaune a sama,
dubu tamanin da huɗu da ɗari shida,
makin da na yi shekara uku ina bi,
don ya ce ranar da na wuce shi, gem ya zama nawa.

Sifili. Sifili. Sifili.

Tasi'u ya ce, "Akwai wani ɗan batir cikin kaset,
kamar maɓallin riga.
Shi ke riƙe tuni.
In ya mutu, yakan tafi da abin da ya sani."
Na miƙa masa kuɗi, ya zura aljihu bai ƙirga ba.

Bayan isha'i, Nazifi, ɗan Yaya,
ya ajiye wayar uwarsa, ya karɓa.
Yana bugawa yana cizon harshe a gefen baki.
Babu wanda ya koya masa wannan.
Ɗari tara ya ci, ya mutu,
gem ya ɗora shi na ɗaya.

"Baffa, me zan rubuta?"
Na ce, "Haruffa uku kawai yake karɓa."

Ya daɗe da yatsa a kan maɓalli.